Abdulkarim Bajamushe: ɗan leƙen asiri ne ko mai neman ilimi?

Malam Habibu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai mutumin da sunansa ba ya ɓacewa duk lokacin da aka ɗauko tarihin Kano ko Borno ko Sakkwato a ƙarni na 19, wato Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo ƙasarmu da sunan Abdulkarim. An haife shi a Hambag a 1821, ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa a Balin, ya koyi Larabci, har ya zagaya arewacin Afirka tun kafin ya nufo mu. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar. James Richardson ne shugaba, sai Barth, sai wani Bajamushen mai suna Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850. Su uku suka fito, shi kaɗai ya koma gida a 1855, bayan ya ci fiye da kilomita 15,000 a kan raƙumi da doki. Abin da nake so mu tattauna: wannan mutum share wa 'yan mulkin mallaka hanya ya zo yi, ko kuwa ilimi ya kawo shi? Ɗalibaina suna yawan tambayata, ina son jin ta bakinku.

Aminu:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai a wurina maganar a fili take. Gwamnati ba ta kashe kuɗinta a kan baƙo don ya je ya sha iska. An turo su ne su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su gano hanyoyi. Mutum ya bi gari gari yana rubuta nisan zango, yana ƙirga rijiyoyi, yana auna ganuwa, yana tambayar dawaki nawa sarki zai iya fitarwa ranar yaƙi. A 1851 ya shiga Kano, a 1903 aka ci Kano. Wa zai ce babu alaƙa?

Baba Goni, Maiduguri:
Ɗana Aminu, zafin zuciyarka a kan hanya yake, amma mu bi a hankali. Ɗan leƙen asiri ɓoye kansa yake yi. Shi kuwa da ya iso Kukawa a farkon Afrilu 1851, Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir sun san Nasara ne, sun san wa ya aiko shi, sun san yana rubutu. A gabansu yake yi. Su ma suna da tasu buƙata. Turkawa suna Fezzan suna hangen kudu, Wadai tana gabas tana ƙara ƙarfi, Borno tana neman abokin da zai kawo mata makamai da ciniki. Saboda haka Shehu ya sa hannu a yarjejeniyar da idonsa biyu. Kada mu mayar da kakanninmu yara waɗanda aka yaudara da madubi da agogo. Masu mulki ne, suna lissafinsu.

Kuma ku tuna halin da ya iso. Richardson ya mutu a Ngurutuwa a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Barth ya zo ba kuɗi, ga bashin da aka bar masa. Waziri ne ya ɗauke shi, ya ba shi masauki da abinci. Overweg shi ma ya rasu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba 1852, bayan ya kewaya tafkin da jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus.

Aminu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma wannan jirgin ma ai hujjata ce. Me ya sa za a ratsa Sahara da jirgin ruwa in ba don a san ruwan da za a bi gobe ba?

Mamman, Damagaram:
Salamu alaikum. Kafin ku kai shi Borno, ku bari mu na arewa mu faɗi namu, don ta wurinmu ya fara shigowa. Abin da ke ba ni haushi a yadda ake koyar da labarin nan a lakwal shi ne a nuna kamar Bature ya keta hamada da jarumtarsa shi kaɗai. Sau ɗaya ya gwada tafiya shi kaɗai, kusa da Gat, ya ce sai ya hau dutsen Idinen wanda Buzaye ke cewa na aljannu ne. Suka hana shi, ya ƙi. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa saboda ƙishirwa. Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi kwance ya kawo shi. Shi da kansa ya rubuta wannan, bai ɓoye ba.

Da suka iso bakin Abzin aka tare su, aka kwashe masu kaya masu yawa, har aka ce su musulunta ko a kashe su. Abin da ya tsirar da su shi ne shiga ƙarƙashin Annur, babban Kel Owi a Tintellust. Daga nan Barth ya je Agadas a watan Oktoba 1850, ya tarar ana naɗin Sarkin Abzin Abdulkadiri. Gidan da ya sauka yana nan har yau a tsohon gari, ana nuna wa baƙi. Sannan suka bi ayarin gishiri da ke saukowa daga Bilma zuwa ƙasar Hausa, suka rabu a Damargu a watan Janairu 1851: Richardson ya nufo Damagaram, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina. Duk hanyar nan tsohuwar hanya ce ta madugai, sun fi ƙarni suna bin ta. Shi dai ya bi bayansu ya rubuta.

Malama Saratu, Katsina:
Yaya Mamman, ka faɗi abin da ke raina. Bari in ɗora daga Katsina. Sarkin lokacin, Muhammadu Bello, bai sake shi da wuri ba. Ya riƙe shi kwanaki, don bai ga dalilin da baƙo mai kaya zai wuce shi ya kai wa Kano alheri ba, har ya nemi ya ba shi rokoki a matsayin maganin yaƙi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da ya yi kan birnin. Ya ga ganuwa mai faɗin gaske, amma mutanen ciki bai kai su dubu 8 ba, sauran fili gonaki ne da kufai. Ya danganta wannan da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi da hare-haren Maraɗi, waɗanda suka sa fatake suka koma Kano. Mu Katsinawa ba ma jin daɗin karanta wannan, amma shaida ce ta wanda ya gani da ido, kuma ta dace da abin da tsofaffinmu ke faɗa.

Malam Habibu, Kano:
Malama ta kawo mu gida. Ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman, ya sauka a unguwar Dala, ba lafiya ba kuɗi. Duk da haka abin da ya rubuta kan kasuwancin Kano har yau masana tattalin arziki na komawa gare shi. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, su kai 60,000 lokacin da fatake suka cika gari. Ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a Kano, waɗanda ake fitarwa a shekara, sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da riyal ɗaya ke wuri 2,500. Ya bi sawun rigar Kano har Murzuk da Gat da Tarabulus, da yamma kuma har Tambutu. Ya yi maganar takalma, da fatu, da goro daga Gwanja, da kanwa daga Borno. Wani abin da ya burge shi shi ne saƙar nan a gida ake yin ta, magidanci yana aikinsa cikin iyalinsa, ba a tara mutane a masana'anta kamar a Turai ba inda talaka ke lalacewa. Bai kuma rufe ido kan bayi ba, ya ce waɗanda ake fitarwa daga Kano za su kai 5,000 a shekara.

To Aminu, ga inda nake tsayawa in yi tunani. Turawan da suka zo bayansa sun cika duniya da cewa mu ba mu da tarihi, ba mu da tsari. Littafin wannan mutum, juzu'i 5 da suka fito a 1857 da 1858, yana ƙaryata su shafi bayan shafi.

Aminu:
Malam, ai mai son ya ƙwace gona shi ya fi kowa sanin albarkarta. Yabon da ya yi wa Kano shi ya sa 'yan kasuwar Manchesta suka fara haɗiyar yawu.

Adda Fadi, Yola:
Ƙanena Aminu, zan ba ka hujjar da ta fi wadda ka kawo ƙarfi. Ranar 18 ga Yuni 1851 Barth ya tsallaka Binuwai a inda Faro ke zuba cikinsa. Nan take ya gane cewa wannan kogin zai kai jirgi daga teku har tsakiyar ƙasa ba sai an bi hamada ba, ya kuma aika wa Landan. Saboda wannan rahoton aka turo jirgin Pleiad a 1854, wanda Baikie ya shigo da shi Binuwai. Ta ruwan nan kamfanin cinikin Ingila na Goldie ya biyo daga baya, ta nan aka kawo bindigogin da aka ci Yola a 1901. Wannan sarƙa ce da kake iya bin ta zobe zobe.

Lamiɗo Lawal kuwa, ɗan Modibbo Adama, bai bar shi ya daɗe ba. 'Yan kwanaki ya yi a Yola aka ce ya koma inda ya fito. Dalilin da aka fi sani shi ne ya zo tare da manzon Borno ɗauke da wasiƙa kan rigimar iyaka, kuma ba shi da takardar Sarkin Musulmi. Lamiɗo ya ce shi bawan Sakkwato ne, ba zai karɓi baƙo irin wannan ba da izini ba. Ni ina ganin ya yi daidai.

Baba Goni, Maiduguri:
'Yata Fadi, maganar Binuwai gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai ina rarrabe abu biyu: abin da mutum ya nufa, da abin da aka yi da aikinsa bayan ya mutu. Barth ya rasu a 1865. Taron Balin da aka raba Afirka sai 1884. A zamaninsa Ingila ba ta ma damu da abin da ya kawo ba. Littafinsa bai yi kasuwa ba, na Livingstone ake rububi. Alkawuran da ya ɗauko daga sarakunanmu aka ajiye su a ofis.

Nasiru, Wurno:
Salamu alaikum. Ku ba mu dama mu ma, don wanga mutum ya zauna garinmu. Cikin 1853 ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Sarki ya amshe shi da mutunci, ya ba shi takardar aminci ga 'yan kasuwar Ingila, ya ce ya jira shi Wurno. Ku tuna ba shi ne Bature na farko da anka gani ba. Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya dawo ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. Ke nan fada ta san irinsu, ta san abin da suka biɗa.

Abin da ni ka so in jawo hankalinku gare shi shi ne zaman da ya yi da malamai. Ya haɗu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yaba iliminsa ƙwarai. Ya karanta rubuce-rubucen Bello da na Abdullahi. Da ya isa Gwandu, Sarki Halilu ya ƙi ganinsa sam, amma nan ne wani malami ya ba shi aron Tarikh al-Sudan, ya zamna kwanaki kaɗan yana kwafar abin da ya iya. Ta hannunsa Turai ta fara sanin tarihin Songhai da su Askiya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta shi, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne, daga baya anka gyara. A Borno ma haka ya samu jerin sarakunan Sefawa da labarin yaƙoƙin Mai Idris Alauma na Imam Ahmad ibn Fartuwa. To wa ya ba wa ilimi a nan? Littattafan suna hannunmu tun kafin a haife shi.

Malama Saratu, Katsina:
Malam Nasiru, wannan ita ce maganar. Ni abin da ke damuna ba Barth ba ne, mu ne. Yaro zai gama sakandare ya san sunan Mungo Park, bai taɓa jin ɗan Tafa ba.

Amma akwai wani wuri da ba na so mu tsallake, don kada yabo ya yi yawa. Ƙarshen 1851 ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, kuma harin kamun bayi ne, kowa ya sani. Ya rubuta cewa a wuri ɗaya an kashe maza manya 170, akasarinsu an sare masu ƙafa aka bar su jini ya ƙare. Mutumin da aka aiko da sunan hana cinikin bayi yana kan doki cikin wannan runduna. Me za mu ce?

Baba Goni, Maiduguri:
Wannan tabo ne, kuma tabon namu ya fi nasa girma, don mu muka kai harin. Ina faɗa a matsayina na ɗan Borno. Shi hujjarsa ita ce ba yadda zai ga ƙasar in ba tare da runduna ba, kuma yana cin abincin waziri, ba shi da bakin ƙi. A Ingila ma masu yaƙi da bauta sun soke shi a kan haka. Ni ban wanke shi ba. Sai dai in ba don ya rubuta ba, da mutanen Musgu ɗin nan ko adadinsu ba za a sani ba, don marubutan fada ba su ƙirga irin waɗannan gawarwaki.

Aminu:
Baba, to ai irin wannan rubutun ne Lugard ya riƙe a matsayin dalilin yaƙarmu. Ya ce ya zo hana farautar bayi.

Adda Fadi, Yola:
Ya riƙe, amma ba Barth ya ƙirƙiro farautar ba. In mun ce kada a rubuta laifinmu don maƙiyi zai yi amfani da shi, to jikokin waɗanda aka kama fa? Suna nan tare da mu a Adamawa da arewacin Kamaru, wasunsu ma suna cikin wannan zaure. Su ma tarihinsu ne.

Malam Habibu, Kano:
Allah ya saka, Adda. Bari in kai mu Tambutu, don a can ne Aminu zai samu ɓoye kan da yake nema. Ya tsallaka Kwara a Sayi ranar 20 ga Yuni 1853. Da ya matso ƙasar da ke ƙarƙashin Hamdallahi, babban birnin Masina, sai ya ce shi sharifi ne daga gabas yana kai wa Shehun Tambutu littattafai, har mutane suna neman ya sa masu albarka. Wannan yaudara ce, ba ta da wani suna. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba. Da asiri ya tonu, Ahmadu Ahmadu na Masina ya aiko a miƙa shi. Ku tuna Gordon Laing, Baturen da ya riga shi zuwa, an kashe shi a 1826 jim kaɗan da barin garin.

Shehu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya tsaya ya ce ba za a taɓa baƙonsa ba. Bai tsaya ga baki ba, ya rubuta wa Masina amsa ta fiƙihu: mutumin yana cikin amana, ƙasar da ta aiko shi tana zaman lafiya da Sarkin Istambul, kuma Ahmadu ba shi ne shugaban dukkan Musulmi ba balle ya yanke wannan hukunci. Ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari, ya kira Buzaye suka tsare shi, wata da watanni, har ya raka shi da kansa a 1854 suka bi gaɓar kogi zuwa Gao. Shehun yana da nasa dalili, yana ganin Faransa na matsowa daga Aljeriya da Senegal, yana fatan Ingila ta zama kariya. Ingila ba ta yi komai ba, Faransa ta shiga Tambutu shekara 40 bayan haka. A duk labarin nan, in ana neman gwarzo, ni al-Bakkay nake nunawa.

Nasiru, Wurno:
Haka na. Kuma lokacin da ya dawo ta wurinmu, Turai ta riga ta yi makokinsa, an ce ya mutu. Cikin daji kusa da Bundi ya yi kiciɓis da Eduard Vogel da anka turo ya taimaka masa, farkon Disamba 1854. Shi Vogel ɗin Wadai anka kashe shi a 1856.

Mamman, Damagaram:
Kun yi ta ambaton sarakuna da shehunai, ku bar ni in ambaci yaro. Dorugu, Bahaushe ne ɗan Dambanas kusa da Kance, a nan ƙasarmu. An kama shi yana ƙarami aka sayar, ya yi ta canza hannu har ya kai Borno. Overweg ya fanshe shi, shi da Abbega, wani yaro Bamargi. Da Overweg ya mutu suka koma hannun Barth. Dorugu ya je Tambutu tare da shi, ya dawo, ya keta hamada ta Bilma da Murzuk, ya shiga jirgi har Landan a 1855. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ya bayyana yadda aka raba shi da iyayensa, ya bayyana Tambutu, ya bayyana yadda Turawa ke zama cin abinci. Wato yadda Barth ya zo ya dube mu ya rubuta, haka Dorugu ya je ya dube su ya faɗa. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano, a can ya rasu a 1912. Abbega kuwa har sarautar Lakwaja ya yi.

Akwai kuma Muhammadu al-Gatroni, mutumin Fezzan, wanda ya yi masa hidima kusan tafiyar gaba ɗaya. Shi ke ɗaure kaya, shi ke gadi da dare, shi ya san rijiya.

Malama Saratu, Katsina:
Yaya Mamman, labarin Dorugu ya kamata ya shiga manhajar Hausa ta sakandare, a Najeriya da Nijar duka. Yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da muke da su a harshenmu, kuma daga bakin wanda ya ɗanɗani bauta. Malam Habibu, ku da ke zuwa tarurrukan malaman tarihi, ku kai wannan magana.

Aminu:
Na karɓi maganar Dorugu hannu biyu, zan nemi labarinsa in karanta. Amma kan Barth ina nan inda nake. Ko nufinsa alheri ne, albashinsa daga Landan yake, rahotonsa Landan yake zuwa, taswirarsa kuma tana cikin jakar hafsoshin da suka zo da igwa. Malam Habibu, ka ce littafin juzu'i 5 ne. Akwai wanda ya fassara ɓangaren Kano da Katsina zuwa Hausa? In babu, mu raba shafukan a nan zauren, kowa ya ɗauki na garinsu. Ni zan ɗauki na kasuwar Kurmi, Baba Goni kuma ina roƙon ya duba mana na Musgu, don ina so in ga ainihin abin da ya faɗa wa waziri bayan kisan.